Kainuwar Tafkin Bakoji

Tafkin Bakoji yana da dokarsa tun kafin a ga Bature a ƙasar Birnin Gwari, kuma dokar ba ta da tsawo: ba wanda zai sa hannu a aikin tafkin, ƙarami ko babba, sai Sarkin Ruwa ya fara sa nasa. Tafkin yana gefen daji ne a ƙasar Tabanni, bayan ƙauyen da ake kira Unguwar Bakoji, da sunan maharbin da ya sari wurin. Da ruwansa mutanen ƙauyen ke sha da wanki tun daga ɗaukewar ruwan sama har faɗuwarsa, ta gefen arewa kuma shanun Fulani ke da mashayarsu. Ba a taɓa jin ya ƙafe ba sai sau ɗaya.

Ciwon tafkin ɗaya ne, kainuwa. Da damina ta kankama sai ta fara daga lungun gabas, 'yan ganye kore shar masu yawo a kan ruwa, saiwarsu ba ta taɓa ƙasa, kowace uwa tana jan 'ya'yanta a bayanta. Kafin gero ya fitar da kai ta rufe ruwan ruf, har baƙo ya ɗauka fadama ce ya taka. In aka ƙyale ta, ta ƙasan takan ruɓe, ruwan ya yi baƙi ya yi wari, kifi ya taso ciki a sama.

Saboda haka kowace shekara a tsakiyar marka akan yi gayya. Akan tuƙa doguwar igiyar rama, maza su kasu biyu a gaɓoɓin tafkin, su ja kainuwar gaba ɗaya zuwa bakin yamma. A nan akan fasa gaɓa, a tura ta cikin Rafin Gora, ruwan marka ya tafi da ita kogin Mariga, sannan a toshe bakin da ƙasa. Ba a ƙona ta. A zamanin Bakoji kansa an taɓa janye ta waje, aka shanya, aka cinna mata wuta, ranin da ya biyo baya kuwa shi ne wanda tafkin ya ƙafe har ƙasansa ya tsage. Dattawan lokacin suka yanke cewa abin da ruwa ya haifa, ruwa ake mayar wa. Malaman da suka zo daga baya ba su ce e ba, ba su ce a'a ba, aka ci gaba a kan haka.

Hukuncin yana da kashi na biyu, wanda ake kira bin rafi. Kafin a fasa gaɓa, dole Sarkin Ruwa ya ɗauki gatari ya bi Rafin Gora da ƙafarsa, daga bakin tafki har inda rafin ya shiga Mariga, ya sare duk itacen da ya gitta, ya ga da idonsa hanya a buɗe take. In tsufa ko ciwo ya hana shi, magajinsa ne kaɗai ke tafiya a madadinsa.

A shekarar da wannan al'amari ya faru, 'yan shekaru kafin babban yaƙin Turawa na biyu, Nababa ne Sarkin Ruwa. Jikan Jaji ne, Jaji kuma ɗan Bakoji, kuma sarautar ba ta taɓa fita daga gidansu ba. Mutum ne dogo, mai ƙarancin dariya, ya ba saba'in baya. Ɗansa namiji ɗaya ne, Audi, shi kuwa tun da rani aka ɗebe shi tare da samarin ƙauyen zuwa aikin sabuwar hanyar mota da gwamnati ke yi, wadda ta ratsa Rafin Gora can ƙasa, tafiyar rabin yini daga tafkin.

Da gero ya fara fitar da kai, sai ga Ƙasimu duba-gari ya iso daga Birnin Gwari. Ɗan ƙanwar Nababa ne. Ya durƙusa a zaure ya gaishe shi kamar yadda ɗa ke gai da kawunsa, sannan ya gyara zama ya yi magana irin ta ma'aikaci. Ya ce Baturen likita ya ga tafkin a rangadinsa, ya ce a ƙarƙashin kainuwa sauro ke fakewa, daga nan kuma zazzaɓin da ke kwasar yaran ƙauyen yake fitowa. Baturen zai dawo kafin watan ya mutu. In ya tarar da ruwan a rufe, za a cike tafkin da ƙasa a haƙa rijiyoyi, kamar yadda aka riga aka yi wa wasu ƙauyuka wajen Saminaka.

"Ni ɗan aike ne, Kawu. A janye ta waje, a tara, in ta bushe a ƙone."

"Wa ya gaya wa Baturen naka ana ƙona kainuwa a nan?"

"Ba ya tambayar yadda ake yi, Kawu. Faɗin yadda za a yi yake yi."

"Da ruwan nan aka yi wa uwarka wankan jego," in ji Nababa. "A bakinsa ka koyi tafiya, da ka faɗa ciki ni na tsamo ka ta ƙafa kana tsiyayar ruwa kamar ɗan tsako. Yau ka sa gajeren wando ka zo koya mini ruwa."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai, ya bar maganar ta huce. Daga baya ya ce shi dai ranar gayya yana da aiki a Kutemeshi, ba zai ga abin da aka yi ba, kuma Bature fuskar ruwa yake so ya gani, ba toka ba. Suka rabu a kan haka, kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake nufi.

Da a ce ƙafar Nababa lafiya take, da labarin ya ƙare a nan. Amma kurkunu ya riga ya fito masa a idon sawun dama. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, kowace safiya Mairama matar Audi tana naɗe tsutsar a ɗan tsinke kaɗan-kaɗan don kada ta tsinke a ciki. Daga ɗakinsa zuwa zaure sai da sanda da dafa bango. Ya aika wa helma, shugaban leburorin hanya, a ba shi aron Audi don bin rafi. Helma ya mayar da amsa cewa a tsakiyar marka, ruwa yana cin gefen hanya kullum, ko uwar mutum ce ta mutu ba zai sake shi ba.

Ana cikin haka Maliki ya zo duba shi. Bafillace ne da ke da ruga a bakin daji, ubansa ne ya samu mashayar arewa daga hannun uban Nababa, kuma su biyun tun suna samari suke zolayar juna.

"Sarkin kwaɗi, an ce ƙafa ta ƙi."

"Ta ƙi, ɗan Fulani. Kallo ka zo?"

"Takarkari na kawo, ga shi can a ƙofa. Hau in ja ka har Mariga. Ba mai ganinmu sai birai, su kuwa ba sa kai ƙara."

Nababa ya leƙa ya ga takarkarin, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce Bakoji da ƙafa ya bi rafin nan, Jaji da ƙafa, mahaifinsa da ƙafa har sai da idonsa ya mutu, shi kansa ya karɓa da ƙafa. Ba a taɓa jin Sarkin Ruwa ya je wa rafi a kan dabba ba, kuma ba daga kansa za a fara ji ba. Maliki ya ce to shi bari ya bi masa, ai ƙafa ƙafa ce. Nababa ya ce ƙafar da ba ta gidan Bakoji ba, ko ta je ta dawo, rafi bai biyu ba.

Maliki ya daina wasa. Ya ce ya bi da shanu ta wajen sabuwar hanya, ya ga tudun ƙasar da aka tare rafin da shi, ya ga kwalbatin da aka bar wa ruwa, bututun ƙarfe biyu ne waɗanda ɗan maraƙi ba zai shiga a tsaye ba. Bai san abin da za su yi da kainuwar bana ba, wadda ta fi ta kowace shekara. Nababa ya ce ya ji labarin bututun daga bakin Audi. Kainuwa ba itace ba ce, yaro ma yana murƙushe ta da hannu ɗaya, inda ruwa ya wuce za ta wuce.

A gaskiya ya riga ya samu abin da zai dogara da shi. A zamanin Jaji akwai shekarar da mayaƙan Kwantagora suka cika dajin suna kama mutane, ba mai iya nisa da ƙauye. A shekarar Jaji bai bi rafi ba. Ya tsaya a bakin tafki ya ce ya san rafin kamar tafin hannunsa, ya ba da izini aka fasa gaɓa, kainuwa ta tafi lafiya. Ke nan barin bin rafi saboda larura yana da asali, hawan dabba kuwa ba shi da shi. Nababa ya tara dattawan ƙauyen ya shimfiɗa musu wannan hujja, kuma ba wanda ya iya kawo abin da ya fi ta. Hujja ce mai kyau. Abin da ba wanda ya ambata shi ne, a shekarar Jaji ba hannun da ya taɓa rafin sai na Wanda ya halicce shi.

Aka yi gayya ranar wata Alhamis. Samari ba su nan, saboda haka tsofaffi ne suka kama igiya, da magidanta 'yan kaɗan da aka bari, da Maliki da 'yan'uwansa. Nababa ya ƙi a ɗauke shi. Ya taho da sandarsa yana hutawa a hanya, jama'a suna tsaye suna jira, makaɗi ya ɗora hannu a kan ganga bai buga ba. Da ya kai bakin ruwa ya durƙusa a kan gwiwar hagu, ya yi bisimilla, ya cafko kainuwa ɗaya ya jefa ta wajen bakin yamma. Sai ganga ta tashi.

Waɗanda suka ga gayyar nan sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Igiya ta nutse cikin kore har ba a ganinta, tsofaffi suna ja suna nishi suna zagin juna da sunayen yarinta, kainuwa tana naɗuwa tana hawa kan 'yar'uwarta kamar tabarmar da ake naɗewa. Da aka fasa gaɓa ta riƙa gangarawa rafi tuli bayan tuli, tun hantsi har la'asar. Kafin rana ta faɗi sararin sama ya dawo cikin tafkin, mata suka zo da tuluna suna guɗa. Nababa ya zauna a gindin wani kanya yana kallon ruwan, aka ce ranar ya yi murmushi.

Da yammar nan hadari ya haɗu daga gabas, ruwa ya sauko, bai ɗauke ba har washegari.

Abin da ya faru a hanya, leburorin Unguwar Bakoji ne suka ba da labarinsa daga baya. Da gari ya waye suka tarar rafin ya tsaya. Bayan tudun hanya ruwa ya taru ya zama wani tafkin dabam, samansa kore shar, yana hawa a hankali, ta ɗaya gefen kuwa bututun suna ɗiga kamar bakin buta. Baturen hanya ya tafi wani sashe, ana sa ransa da azahar. Helma ya sa aka saro gora ana zungura, gora tana nutsewa ba ta taɓa komai.

Audi ya tsaya a kan tudun ya dubi abin da ke gabansa. Ba ya bukatar a gaya masa daga ina ta fito. Ya ce wa wani ɗan ƙauyensu da ke kusa da shi, a hankali, "Ta gidanmu ce. In Bature ya same ta a nan, tafki ya tafi."

Ba wanda ya umarce shi. Ya tuɓe, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba abokan aikinsa bakinta, ya shiga. Ɗan Sarkin Ruwa ne, tun kafin ya iya noma ya iya nutso. Ya taso ya ce musu wani reshen ɗorawa ne ruwa ya kawo ya gitta a bakin bututun, kainuwa ta taru a kansa ta saƙe, irin reshen da mai bin rafi zai sare kafin ya gama cin goro. Ya ce in ya ja shi gefe komai zai wuce. Ya numfasa ya koma.

Reshen ya motsa. Waɗanda ke riƙe da igiya suka ji ruwa ya fizge ta da ƙarfin da ya jefa biyu daga cikinsu ƙasa, ta yanke musu tafin hannu ta tafi. Bututun ya yi aman ruwa na ɗan lokaci, sannan ya sake toshewa. Suka tsaya suna kiran sunansa a kan ganye. Kafin azahar ruwan ya hau kan tudun, ya fara cinsa ta tsakiya, ya ɓalle shi gaba ɗaya, ya tafi da aikin rani guda da bututun da abin da ke cikinsu. Baturen hanya ya iso ya tarar da rami a inda ya bar hanya, kainuwa a rataye a kan kowane reshe na gaɓa.

An tsinci Audi a wata gonar shinkafa can ƙasa. Ba halin a kai shi gida cikin wannan ruwa, sai aka yi masa sutura a kan wani tudu kusa da hanyar. Ƙasimu ne ya ji daga bakin leburorin, ya kawo labarin ƙauye. Mairama ta faɗi a tsakar gida, mata suka rufa a kanta. Nababa ya yi salati, sannan ya tambayi abu ɗaya, ko helma ne ya tura yaron cikin ruwa. Ƙasimu ya ce a'a, ya faɗa masa abin da Audi ya ce kafin ya shiga.

Baturen hanya ya hau doki ya bi gaɓar rafin sama, yana bin sawun kainuwa daga reshe zuwa reshe, har ya tsaya a bakin yamma na tafkin inda sabuwar ƙasar toshi take a fili. Wannan shi ne bin rafin da aka yi a shekarar. Baturen likita kuma ya dawo a kan lokacinsa, ya sami ruwan garau kamar yadda ya nema, amma maganar ta riga ta wuce hannunsa. An ce a ƙone, ba a ƙone ba, hanyar gwamnati ta karye, mutum ya mutu. Hakimi ya roƙa aka bar Nababa bai je gidan yari ba, saboda tsufansa da rashin da ya yi. Ƙasimu aka ja masa kunne, aka rage masa matsayi. Tafki kuwa aka ce da an gama girbi a cike shi, kuma mutanen ƙauyen ne za su ɗauko ƙasar da kansu.

Dattawa sun daɗe suna muhawara a kan wannan al'amari. Wasu suka ce da ya hau takarkarin, tunda larurar da ta halatta barin bin rafi ai ta isa ta halatta hawan dabba. Wasu suka ce hujjar Jaji ba ta da aibi, hanyar ce baƙuwa. Ba a kai maganar gaban Nababa ba, shi ma bai nema ba.

Bayan an shigar da dawa rumbu, dogarai suka zo da Ƙasimu. Aka fito da kowa, maza da mata, aka nuna musu tudun jar ƙasa da za a haƙa. Suka cika kwanduna, suka ɗauko a kai, suka jeru a gaɓar tafkin. Nan suka tsaya. Babban dogari ya ce a zuba, ba wanda ya motsa. Ya sake faɗa, ya ɗaga bulala ya sauke ta a bayan wani magidanci, mutumin ya runtse ido, kwandon yana kansa. Dogarin ya ɗauka tawaye ne. Ƙasimu ya dubi fuskokinsu ya gane ba tawaye ba ne, Sarkin Ruwa suke jira ya fara sa hannu, ya roƙi dogarin ya dakata, ya nufi gidan kawunsa.

Ya same shi a zaure, ya riga ya sa tsohuwar rigar saƙin da ya gada daga mahaifinsa, wadda ba ya sawa sai ranar gayya. Kurkunun ya fita, ya bar masa ɗingishi.

"Kawu, ba sai ka je ba. Zan zuba na farko da hannuna, su bi bayana. Abin da za a faɗa a faɗa a kaina."

"Kai wane ne a tafkin nan?"

Nababa ya yunƙura zai tashi.

"Miƙo mini sandata."

Ya taho a hankali, jama'a suka dare masa hanya da kwandunansu a kai. Maliki yana tsaye can gefen arewa tare da shanunsa, ya kawo su shan ƙarshe. Nababa ya tsaya gaban Mairama, ya sa hannu biyu ya sauke kwandon da ke kanta. Ya kai shi bakin ruwa da kansa, yana jan ƙafa, ya durƙusa a kan gwiwar hagu a daidai wurin da yake durƙusawa kowace shekara. A lungun gabas 'yan kainuwa ƙanana sun riga sun fara dawowa. Ya dube su, ya yi bisimilla, ya juye kwandon. Jar ƙasa ta bazu a cikin ruwan kamar jini, sannan sauran kwandunan suka biyo baya. Makaɗi yana cikin jama'a, amma ranar kwando ne a kansa.

Aikin ya ci rabin rani. Nababa bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba, yana zaune a gindin kanya har aka binne ruwan ƙarshe. Maliki ya tashi da rugarsa zuwa bakin Mariga, bai dawo ba. Aka haƙa wa ƙauyen rijiyoyi biyu, ruwansu ba laifi, kuma ba su da sarki.

Da marka ta sake zagayowa, wata safiya Mairama ta ga surukinta ya ɗauki gatari da sanda ya fita. Ya tsaya a inda bakin yamma yake a da, ya gangara cikin Rafin Gora, ya bi gaɓa yana ɗingishi yana sare abin da ya gitta, ko da yake ba abin da za a sake turowa ta nan. Ya wuce sabuwar gadar da aka yi a wurin bututun, ya hau tudun da ke kusa da hanya, ya zauna a gefen kabarin har inuwa ta juya. Sannan ya tashi ya ci gaba zuwa Mariga, domin ba a barin bin rafi a rabi.